Fama da Zafin Inji: Tarihin Kanikanci a Ƙasar Batsari da Safana

Injin mota wuta yake ci, kuma abin da ke juya taya daga cikin ƙarfin man da ya ƙona bai cika kai kashi ɗaya bisa uku ba. Sauran duk zafi ne. Wani ya fita ta salansa tare da hayaƙi, wani ruwan lagireto ya kwashe shi ya miƙa wa iska, wani kuma baƙin mai ya ɗebo shi daga ƙarƙashin fistin da kan metal ya sauke a kaskon mai da ke gindin inji. A ƙasar da zafin rana ke kai digiri 40 ko fiye a watannin Afrilu da Mayu, wannan lissafi shi ne ƙashin bayan sana'ar bakanike. A yammacin Jihar Katsina, daga Batsari zuwa Safana da garuruwan bakin Dajin Rugu irin su Runka da Babban Duhu, mafi yawan dabarun da kanikawa suka gada, masu kyau da marasa kyau, a wajen fama da zafin inji aka haife su.

Mota ta iso ƙasar Katsina tun farkon mulkin Turawa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya rasu a 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota. Amma abin da ya mayar da ita larura a yankin shi ne yadda aka shimfiɗa layin dogo. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, birnin Katsina da yammacinsa kuwa aka bar su ba tasha. Gyaɗa da audugar da aka noma a ƙasar Batsari da Safana dole a ɗauke su a kai inda jirgi yake. Jakuna da raƙuma ne suka fara yin wannan aiki, sannu a hankali manyan motoci masu bodin katako suka karɓe shi. Kanikawan farko a garejin En'e da na ma'aikatar ayyuka da na kamfanonin Turawa suka koyi aiki, su kuma suka yaye yaran da suka bazu a garuruwan kasuwa.

Injinan farko ba su da wata dabara mai zurfi wajen sanyaya kansu. Ford Model T, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1908, ko famfon ruwa ba ta da shi: ruwan da ya yi zafi shi ke hawa sama da kansa ya shiga lagireto, idan ya huce ya sauko. Manyan motocin da suka biyo baya, irin su Bedford, suna da famfo da fanka, amma lodin da ake yi musu da yashin hanya da burji sukan fi ƙarfin abin da aka ƙera su dominsa. Shi ya sa galan ɗin ruwa ya zama kayan aikin yaron mota kamar yadda jak da sifana suke. Kafin a tashi da asuba ya duba ruwa ya duba mai. A hanya kuma, da zarar tururi ya fara fita ta gaba, a tsaya a inuwa, a jira inji ya huce, a kwance murfi da tsumma, a ƙara ruwa. Daga nan aka gaji fahimtar da har yau take da ƙarfi a tasha, wato zafi shi kaɗai ne abokin gaban inji, sanyi kuwa komai yawansa alheri ne.

Ruwan da ake zubawa shi kansa ya taimaka wajen tabbatar da wannan fahimta. Ruwan rijiya ne ko na tafki, da laka da gishirin ƙasa a cikinsa. Duk lokacin da ya tafasa ya tafi, sai ya bar farin dattinsa a cikin siraran hanyoyin lagireto, tsatsar jikin inji ta zo ta ƙara toshe su. Wannan ya haifar da sana'a mai zaman kanta, ta mai gyaran lagireto. Lagireton wancan zamani na tagulla ne da jan ƙarfe, ana iya buɗe shi. Mai gyara zai hura wuta ya narkar da dalmar da ta riƙe tankin sama, ya ɗaga shi, ya riƙa zura siririn ƙarfe mai faɗi cikin kowace hanya ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya fito ta ƙasa tas. Hanyar da ta fashe ya matse bakinta biyu ya liƙe, ya mayar da tanki ya bi shi da dalma, sannan ya toshe ƙofofi ya nutsa lagireton cikin ruwa ya busa iska yana neman inda kumfa zai fito. Aiki ne na haƙuri, kuma ya rayar da motoci masu yawa. Illarsa ɗaya: duk hanyar da aka liƙe ta rage wa lagireto ƙarfin aiki, har ya zama tsohon lagireto yana nan cif a ido amma rabinsa ne ke sanyaya ruwa.

A ƙasashen da ake ƙera motoci kuwa, tunanin injiniyoyi ya bi wata hanya dabam. Sun gano tun da wuri cewa inji yana da zafin da ya fi son aiki a kai, kuma cinyewar ringi da silinda ta fi tsanani a lokacin da yake da sanyi. Saboda haka aka ƙirƙiro tamostat, wata 'yar ƙofa da ake sakawa a kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. Irin ta farko, ta shekarun 1920, wata 'yar jaka ce ta ƙarfe mai naɗe-naɗe da ke kumbura idan ta ji zafi. A shekarun 1930 wani mai ƙirƙira a Amurka, Sergius Vernet, ya fito da mai aiki da kaki, wadda ita ce ake amfani da ita har yanzu. Kaki irin na kyandir ne a rufe cikin ɗan ƙoƙon ƙarfe. Idan ruwa ya kai zafin da aka buga lambarsa a jikinta, 82 ko 87 misali, kakin ya narke ya ƙara girma, ya tura wani ɗan sanda, ƙofa ta buɗe ruwa ya wuce lagireto. Idan ruwa ya huce, kaki ya koma, sifirin ya rufe ƙofar. Tare da ita aka kawo murfin lagireto mai riƙe matsi. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a tudun Katsina ma ɗan ƙasa da haka, amma a ƙarƙashin murfi mai kyau sai ya kusa 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, yana zubar da wannan rata gaba ɗaya.

Zamanin da ya fi kowane tasiri a kan kanikancin yankin shi ne na Peugeot. An kafa kamfanin harhaɗa ta a 1972, masana'antar Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, a daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikata da 'yan kasuwa rububin sayen mota. Shekaru da dama ta jirgin sama ake kawo sassan motocin daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, a wuce da su Kaduna. Peugeot 404 da 504, ƙanana da masu dogon baya da a-kori-kura, su suka riƙe hanyoyin da ke haɗa Katsina da Batsari da Safana da Dutsin-ma, suna ɗaukar fasinja da rogo da gero da awaki ranar kasuwa. Injin 504 mai silinda huɗu ne, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, tof ɗinsa sanholo, kuma bakaniken ƙauye yana iya wargaza shi a ƙarƙashin bishiya ya mayar. Sai dai sanholo ba ya haƙuri da tafasa. Sau ɗaya ko biyu aka bari ruwa ya ƙafe, tof ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Direban da ya taɓa sauke tof a bakin hanya, ya kai shi birni aka goge fuskarsa, ya kwana biyu ba aiki, ba ya sake yarda da duk wani abu da zai tare wa ruwa hanya.

Wasu daga cikin waɗannan motoci suna zuwa da fankar da ba ta kama aiki sai inji ya yi zafi, ta hanyar wani maganaɗisu na lantarki. Da ya fara wasa, sai kanikawa su ɗaure fankar ta riƙa juyawa tare da inji koyaushe. Wannan shi ne mafarin abin da daga baya ya zama yi wa fanka dairek.

A wannan zamani ne kuma kanikawan Arewa suka fara sanin na'urar sanyaya baƙin mai a ƙaramar mota. Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ba ta da lagireto ko ɗigon ruwa. Iska ce ke sanyaya silindarta, baƙin mai kuma yana bi ta wani ƙaramin oyil kula da ke tsaye cikin gidan fanka. Duk wanda ya gyara ta ya san idan fambel ya tsinke ko ƙura ta toshe kula, kwanan inji ya ƙare. Manyan motocin dizal su ma da nasu a jikin inji. A fagen tsere kuwa na'urar ta daɗe da zama dole. Peugeot 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, ta ci na Maroko a shekarar a hannun Hannu Mikkola, sannan mai injin V6 ta sake cin Safari a 1978. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ya riƙa ratsa Nijar ta Agadas, kuma motocin Peugeot suka lashe shi daga 1987 zuwa 1990. A gida ma an haɗa tseren motoci cikin bikin kamun kifi na Argungu. Motar tsere ta hamada tana ɗauke da manyan lagiretoci da masu sanyaya mai, amma masu shirya ta ba sanyi tsagwaronsa suke nema ba. Suna so ruwa da mai su hau zuwa zafin aiki da sauri, su tsaya a nan komai wahalar hanya.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, ta tashi ne a zamanin 'yar Kwatano. Tsofaffin motocin Turai sukan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a matsayin kayan Nijar, a koro su ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, daga nan su gangaro ta Jibiya. Ta haka J5 da Golf 2 da Golf 3 suka cika tashoshin yankin. Golf mai dogon baya, wadda aka ƙera don iyali ɗaya a kan titin Jamus, ta koma ɗaukar mutum biyu a gaba, huɗu a baya, wasu a but, ga buhuna a sama. Haramcin shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairu 2017, da rufe iyakokin da aka yi a Agusta 2019, sun ƙara tsadar mota, suka tilasta wa tsofaffin injina ci gaba da aiki fiye da ƙa'ida.

Da waɗannan motoci ne cire tamostat ya zama ruwan dare. Mota tana isowa, kafin a yi mata lamba, za a kai ta gareji a yi juyen mai, a kwance gidan tamostat a fitar da ita, a haɗa wayar fanka da makunni. Hujjar ɗaya ce a bakin kowa: "Maigida, wannan ta ƙasar sanyi ce, nan ba ta da aiki." Bai kamata a raina masu wannan magana ba, domin ba daga sama ta faɗo ba. Motar da ta shekara goma sha biyar a Turai tana iya zuwa da tamostat da ta gaji. Idan aka zubar da ruwan launin da ta zo da shi, wanda ke hana tsatsa, aka cika ta da ruwan rijiya, ba a daɗewa datti ya kama ƙofar. Tamostat da ta maƙale a rufe tana iya ƙona inji cikin 'yan mintoci, kuma a garin da babu shagon da zai sayar da sabuwa ta gaske, cirewa ita ce hanyar isa gida. A matsayin dabarar fita daga daji, babu laifi a cikinta. Laifin ya fara ne lokacin da aka mayar da ita ƙa'ida, ana cire lafiyayya tun ba ta yi komai ba.

Abu na farko da ake mantawa shi ne tamostat ba ta ƙara wa inji zafi a bazara. Da zarar ruwa ya kai zafin aiki, a buɗe take, kuma daga nan lagireto da fanka da famfo ne ke da alhakin komai. Motar da allurarta ke hawa da rana tsaka a watan Afrilu tana da wata cuta dabam: ko lagireto ya toshe daga ciki, ko ƙura da ƙaiƙayi sun cike shi daga waje, ko murfi ya mutu, ko fukafukan famfo sun cinye, ko gaskit ya fara yoyo. A injina da yawa, har da na Golf, tamostat tana da faifai na biyu a gindinta wanda ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan aka cire ta, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewayawa a ciki bai taɓa ganin iska ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Na biyu, ƙasar nan tana da sanyinta. A Disamba da Janairu, da asuba, ma'auni yakan sauka ƙasa da digiri 15 a karkarar Katsina, kuma a lokacin ne motocin kasuwa ke tashi. Injin da ba shi da tamostat, ga fanka tana juyawa ba hutu, yana iya yin tafiya mai nisa bai kai zafin aiki ba. Baƙin mai a irin wannan safiya halinsa ɗaya da man shanu a hunturu, yana da kauri, ba ya saurin kaiwa inda ake bukatarsa. Fetur ba ya ƙonewa duka, yana wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin kasko. Kowace litar fetur da aka ƙona tana haifar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. Yawancinsa ta salansa yake fita, amma wani yakan tsallake ringi ya shiga mai, kuma in mai bai yi zafin da zai kore shi ba sai su haɗu su zama baƙin taɓo mai toshe hanyoyi. A motocin da ba su da kafireto, abin ya ƙara muni: akwai na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota zafin ruwa, kuma muddin ta ce inji da sanyi, ƙarin fetur za a yi ta zubawa. Irin wannan ɓarna ba ta tururi, ba ta tsayar da mota a hanya. Bayan shekara guda take bayyana, da shan mai da shuɗin hayaƙi, a lokacin kuma sai a ɗora laifin a kan tsufa.

Gane lafiyar tamostat ba ya bukatar komai sai tukunya da wuta. A ɗaure ta da zare a rataya cikin ruwa yadda ba za ta taɓa gindin tukunya ba, a ɗora a wuta. Tun ruwa bai tafasa ba, ana fara ganin ƙananan kumfa, ƙofar za ta soma motsi, ta buɗe har ɗan yatsa ya kusa shiga. A ciro ta a ajiye, tana hucewa ta rufe ruf. Wadda ta yi haka a mayar da ita. Wadda ta ƙi a sake ta.

Ɓangaren baƙin mai yana da nasa tarihin. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an yi mata sashen sarrafa man inji, kuma gidajen mai na manyan kamfanoni suna sayar da na galan a rufe. Da abubuwa suka yi tsada sai na awo ya mamaye bakin hanya, a kwalabe da jarkoki, wani mai kyau, wani kuwa ɗanyen mai ne da ba a zuba masa sinadaran kariya ba, wani ma tsoho ne aka tace. Man inji ya fi yin aiki tsakanin digiri 90 zuwa 110. Idan ya haura 120 ya daɗe a nan, sai ya tsinke, matsinsa ya faɗi, kuma saurin lalacewarsa yakan ninka kusan duk ƙarin digiri goma. Dabarar da aka saba ita ce a zuba mai kauri, mai lamba 40 ko 20W-50, ko da injin an ƙera shi ne don siririn mai. Wannan yakan kashe jar fitilar mai a gaban direba, amma bai rage zafin ba ko kaɗan.

A nan ne ƙara oyil kula ya shigo, ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta samarin birane, Katsina da Kano da Kaduna da Abuja, masu wasan mota da tsofaffin BMW da Mercedes. A irin wannan wasa inji yana kuka a ƙololuwa alhali motar a wuri ɗaya take juyi, iska ba ta shiga gaba, mai ya yi zafi cikin 'yan mintoci. Ƙofa ta biyu ta fi kusa da Batsari da Safana: motar haya mai lodi fiye da kima, tana jan yashi da giya ɗaya ko biyu a tsakiyar bazara. Wahalar da injinta ke sha ba ta da nisa da ta motar tsere. Kayan kuma suna samuwa a kasuwannin tsofaffin sassa, Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna. Kamfanin Volkswagen da kansa ya sa wa Golf GTI ta farko, ta 1976, oyil kula mai aiki da iska tare da tamostat ɗin mai, daga baya ya koma wani ɗan akwati a gindin filta inda ruwan lagireto ke sanyaya mai, kuma ya ɗumama shi da safe.

Yadda ake ɗaura na iska ba shi da wuya a ido. A kwance filta, a saka wani faifai mai kauri mai ƙofa biyu a mazauninta, a mayar da filta a kansa. Tiyo biyu su fita daga faifan zuwa ƙaramin lagireto da aka ɗaure a gaba inda iska ke bugawa. Mai ya fita ta ɗaya, ya huce, ya dawo ta ɗayan. Inda aikin ke lalacewa shi ne a ƙananan abubuwa. Matsin mai, musamman da safe, ya ninka na ruwa sau da yawa, don haka tiyon ruwa da aka ɗaure da waya ba zai riƙe ba, kuma ranar da ya fice, litoci huɗun da ke cikin inji a ƙasa za su ƙare kafin direba ya ankara. Tiyo ba ya son gogar ƙarfe ko kusantar salansa. Kula da aka ciro daga injin da ya buga yana ɗauke da ɓarɓashin metal a cikinsa, wanki ba ya fitar da shi duka, sabon inji zai aika wa. Wanda aka sa can ƙasa dutsen burji zai fasa shi, wanda aka manna a fuskar lagireto kuma ya tare masa iska. Dole a ƙara mai rabin lita ko fiye don cike kula da tiyo, a tayar da inji a duba yoyo, a sake auna mai.

Sai babban kuskure, wanda ɗan'uwan na farko ne: ɗaura kula ba tare da tamostat ɗin mai ba. Faifai mai kyau yana da tata a ciki, mai aiki da kaki ita ma, wadda ke barin mai ya zagaye kula har sai ya kai wajen digiri 80. Idan babu ita, mai mai sanyi da kauri ake tilasta wa bin siraran hanyoyi tun daga tayar da inji, matsi ya yi yawa a tiyo, metal ya jira mai, kuma a hunturu man ba zai taɓa yin zafin da zai kori ruwa da feturin da suka shiga cikinsa ba. Motar da aka cire wa tamostat ɗin ruwa, aka yi wa fanka dairek, aka kuma ƙara mata kula marar tamostat, an haɗa mata sanyi uku. Abin da ya dace kafin a sayi komai shi ne a ɗaura agogon zafin mai a yi tafiyar da aka saba da lodin da aka saba. Idan allura ba ta wuce 110 ba, motar ba ta bukatar kula.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa lamarin nauyi. Matsalar 'yan bindiga a kewayen Dajin Rugu ta sa tsayuwar mota a hanya ta tashi daga asarar lokaci ta koma batun rai. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jihar a ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana. Direban da ya saba tsayawa a inuwa inji ya huce, yanzu akwai wuraren da ba ya ko rage gudu. Tsoron tafasa ya ƙaru, kuma da dalili. Ta ɗaya gefen, cire tallafin fetur a Mayu 2023 ya sa kowace litar da injin sanyi ke sha a banza tana fita ne daga abincin gidan direba. Su ma lagiretocin yanzu na sanholo ne da tankin roba, ba sa karɓar dalma irin na da, ruwan rijiya kuma ya fi saurin cinye su.

Gyaran da ya dace da waɗannan hanyoyi sananne ne, kuma bai fi ƙarfin garejin Batsari ko Safana ba: lagireto mai tsabta ciki da waje, ruwan launi ko aƙalla ruwan sama da aka tace a madadin na rijiya, murfi mai riƙe matsi, tamostat mai aiki, fanka mai tashi da kanta, da baƙin mai na gaske a kan lokaci. Oyil kula yana zuwa ne bayan waɗannan, ga motar da agogo ya nuna tana bukata, tare da tamostat ɗinsa. Sana'ar nan daga bakin maigida take shiga kunnen yaro, don haka gyaran al'adar yana hannun iyayen gareji da shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW. Ya kamata kowane yaro ya iya gwada tamostat a tukunya, ya kuma iya karanta agogon zafin mai, kafin a yaye shi.